Zuwa ga mutumina na Legas: sun kashe Dean fa

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Legas, ya nema, ya ruwan da aka ce kullum sai ya cika maku titi? Mu nan Daura sai godiyar Allah, damina ta yi kyau, gero ya fara nuna har yara sun fara shigowa da tumu, jiya da yamma na gasa guda biyu a ƙofar gida na tuna yadda kake ƙone naka kullum saboda gaggawa. Na biya ta gidanku shekaranjiya na gaida Inna, lafiyarta lau sai ɗan ciwon ƙafar nan da ka sani, ta ce in mun yi magana in ce maka saƙo ya iso ta gode, Allah ya yi albarka.

Na san za ka ce mi ya same ni na zauna buga doguwar wasiƙa kamar zamanin gidan waya. To ai kai ka ja. In na kira da rana kana shago, in na kira da dare kana wurin gadi ba ka son oga ya gan ka da waya a kunne, saƙon murya kau sai ya kwana uku ba ka buɗe ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ka karanta duk sanda ka samu sarari ko da cikin danfo ne.

Maganar ita ce na gama sizin 3 na Supernatural, fim ɗin Amurkan nan na Dean da ƙanensa Sam masu farautar shaiɗanu, daren Talata, kuma wallahi har yanzu raina bai dawo daidai ba. Kai ka bar mani memorin nan ranar da za ka tafi, ka ce in kalla in rage kewa, na yi ta maka tsiya ina cewa ni ba ni kallon fim ɗin da aka fara tun 2005 muna 'yan firamare, ya zauna cikin durowa fiye da shekara. Sai da wayata ta faɗa ruwa na rasa abin kallo a tsohuwar da na ara sannan na saka shi, to ka ga abin da ya biyo baya, cikin wata biyu na cinye kashi 22 na sizin 1, na cinye 22 na sizin 2, ga 16 na sizin 3 sun bi su. Kuma ba ka faɗa mani iyakar abin da ke cikin memorin ke nan ba, mugu. Ka bar ni da mutum rataye a wuta.

Bari in ba ka labarin daren. Da farko ni kaɗai nake kallo, daga baya ƙanena ya shigo ciki, sai abokinsa, sai ustazun nan na layinmu wanda kullum yake cewa zuwa ya yi ya ga irin shirmen da muke kallo don ya yi mana nasiha amma shi ke riga kowa zama kan tabarma. Ranar mu huɗu ne a zaure, na jona a tsohuwar kwamfutar Yaya, an ɗauke wuta tun la'asar kuma caji bai fi rabi ba, ga hadari ya haɗo ta gabas. Ina kallon fim ina kallon batir. Su suna ƙirga awoyin da suka rage wa Dean, ni ina ƙirga nawa.

Ka tuna dai yadda abin ya faro. Ƙarshen sizin 2 aka soki Sam da wuƙa a baya ya mutu a hannun yayansa, Dean ya kasa haƙuri ya tafi mararraba ya binne ɗan akwatin nan mai hotonsa da ƙasar maƙabarta da ƙashin baƙar kyanwa, shaiɗaniya mai jan ido ta fito suka yi ciniki. Kowa shekara 10 ake ba shi, shi aka ce shekara 1 tak in ya so ya ɗauka in bai so ba ya bari, kuma in ya kuskura ya nemi hanyar zillewa Sam ya faɗi matacce nan take. Ya ɗauka. Sizin 3 gaba ɗaya shekarar nan ce ke ƙarewa a gabanka, yana ta cin burodi da nama yana wasa da dariya kamar ba komi, kai kau ka san mutumin nan tsoro ya cika mashi ciki.

To kashin ƙarshe, saura awa 30. Tsoho Bobby abokin ubansu ya gano inda Lilith take, babbar shaiɗaniyar da ke riƙe da takardar cinikin, wani ɗan gari New Harmony a jihar Indiyana. Sam ya kira Ruby, shaiɗaniyar nan da ke taimaka masu, a ɓoye duk da Dean ya hana, ta ce mashi wuƙarta mai kashe shaiɗanu ba za ta yi ba, ƙarfin da ke cikin jininsa ne kawai zai iya da Lilith. Dean ya faɗo masu, suka ba hamata iska, ta yi mashi dukan kawo wuƙa, ashe shi wuƙar yake so, ya zare ta daga jikinta ya bar ta tsaye ƙarƙashin zanen tarkon da ya yi a rufin ɗaki. Nan zaure ya kaure da ihu har Hajiya ta aiko a ce mu rage murya Baba ya kwanta.

Wurin da ya fi taɓa ni kafin ƙarshen shi ne na Bobby. Sun shiga mota za su gudu su bar shi don kada ya mutu a banza, mota ta ƙi tashi, sai ga tsoho ya fito riƙe da abin da ya cire a injin, yana yi masu faɗa cewa zumunta ba a jini ta tsaya ba. Ustazu ya ce kai, wannan tsohon da Bahaushe ne da ya yi kawu na gari. Daga nan suka kama hanya cikin baƙar Impala ɗin nan ta 1967, Dean ya ƙure rediyo yana waƙa da ƙarfi yana tsokanar Sam ya taya shi, Sam ya kama suna dariya, sai kawai ka ga Dean ya yi shiru fuskarsa ta canza yana kallon titi. Ba a ce komi ba. Jensen Ackles da ya fito a Dean ɗan wasa ne, duk wanda ya ce ba haka ba ya zo mu zauna.

Ita kau Lilith, ban taɓa ganin bos ɗin da ya ba ni tsoro irinta ba kuma babu ƙaho babu haƙora. Jikin wata 'yar yarinya ta shiga, mai farar riga, ta mai da gidan su yarinyar kurkuku, kullum sai an yi mata bikin ranar haihuwa an yanka kek, uwa da uba suna murmushin dole jikinsu na rawa, kakan ya yi ƙoƙarin neman taimako wurin maƙwabta ta karya mashi wuya a kan teburin cin abinci, ashe maƙwabtan ma duk mutanenta ne. Lokacin da Sam ya shiga ɗaki da wuƙa yarinyar na barci a jikin uwarta, uwar da kanta take mashi raɗa ya yi, ya soke ta. Uwa fa. Ƙanena ya rufe ido. Allah ya sa Dean ya riƙe hannunsa, don da yake ajalinsa ya matso ya fara ganin ainihin fuskokinsu, ya ga ta riga ta fita daga jikin yarinyar.

Daidai nan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwano na ƙara ba ma jin magana sai dai mu bi rubutun ƙasa, batir saura kaɗan. Agogon gidan ya buga sha biyu. Karnukan nan da ba mai ganinsu sai wanda suka zo ɗauka suka fara haushi, su Dean suka ruga wani ɗaki suka zuba garin tsari a bakin ƙofa da taga, ni kau har lokacin ina cewa yanzu za a yi wani abu, yanzu Sam zai tashi, yanzu Bobby zai faɗo ta taga, ai jarumi ba ya mutuwa, mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san ko harsashi goma aka zuba mashi sai ya tashi ya rama. Sai Dean ya kalli Ruby ya ce ba ita ba ce. Lilith ce a jikinta. Ta buɗe ƙofa. Mutumina, a gaban ƙanensa suka yayyaga shi, Sam na manne a bango yana kuka yana roƙo. Ta juyo ta watsa wa Sam farin hasken nan nata bai yi mashi komi ba, tsoro ya kama ta ta fice ta baki ta gudu, amma mi ya rage? Kyamara ta shiga cikin idon gawa, sai ga shi can rataye da sarƙoƙi, ƙugiya a kafaɗa, yana kiran sunan Sam. Suka rubuta sunayen ma'aikata. Shi ke nan wai an gama.

Mun yi kusan minti biyu ba wanda ya ce uffan, sai abokin ƙanena ya ce to saka na gaba mana. Na ce babu na gaba. Ya ce kamar ya babu? Na ce ka tambayi ɗan Legas.

Washegari na shiga intanet da sauran datar da nake da ita don in san dalilin da ya sa sizin ɗin ya gajarce, ina lallaɓawa kada in ci karo da labarin gaba. Ashe yajin aiki ne. Marubutan fim na Amurka suka ajiye alƙalami daga Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008, kwana 100, shi ya sa aka tsaya a 16 maimakon 22, kashin ƙarshen ya fita 15 ga Mayu 2008. Kuma abin da ya ba ni dariya, da farko shirinsu Sam ne zai ceci yayansa da ƙarfin nan nasa, da lokaci ya ƙure masu ba su samu damar gina labarin ba sai suka ce to a bar shi ya tafi wutar kawai. Ka ji fa. Mu yajin aiki ya sa muka yi shekara shida a karatun shekara huɗu, shi yajin aiki ya kai shi jahannama, ashe namu da sauƙi. Amma tsakani da Allah gara da aka yi hakan. Da sun cece shi a minti na ƙarshe da duk shekarar nan da muka yi muna tsoro ta zama wasan yara, ka ci bashi ka ce za ka biya sannan ranar biya a ce an yafe, wa zai ƙara yarda da su?

Na san zai dawo, ba yaro ne ni ba. Abu ne mai sizin 15, kashi 327, sai Nuwamba 2020 aka rufe shi, kuma fuskarsa na kan kowace fasta. Yadda zai dawo ne ban sani ba kuma kada ka kuskura ka faɗa mani.

Ustazu kau bai bar mu mun kwana lafiya ba, ruwa ya tare shi a zaure sai ya buɗe karatu. Ya ce da farko dai rai ba naka ba ne balle ka sayar, na biyu babu wani shaiɗanin da ke da mabuɗin wuta, su ma fursunoni ne a can, na uku wanda ya mutu ya mutu. Na ce malam duk mun yarda, ba tauhidi muka zo ɗauka wurinsu ba, tatsuniya ce irin tasu, in gizo ya yi magana a tatsuniya ai ba ka cewa ƙarya ne gizo ba ya magana. Amma ya faɗi wani abu da na riƙe. Ya ce mu daina ce masu aljanu, don ba su ba ne. Mu a wurinmu aljani halitta ce daban, daga wuta aka yi shi, akwai musulmi akwai kafiri, sura guda ce ta 72 da sunansu. Su kau waɗannan masu baƙin ido da baƙin hayaƙi da warin farar wuta, Ruby ta faɗa a tsakiyar sizin cewa dukkansu mutane ne a da, azaba ce ta ƙone mutuntakarsu har suka manta su wane ne. Ka ga ashe abin da ke jiran Dean ya wuce mutuwa, zai koma irin abin da ya ƙare rayuwarsa yana farauta. Aljanin da suka nuna da sunan aljani sau ɗaya ne zuwa inda na tsaya, a sizin 2, wani mai zane a jiki da shuɗin haske da ya sa Dean mafarkin uwarsa na raye, kuma ko kusa bai yi kama da abin da muka sani ba.

Abin da ya yi kama da namu shi ne mararraba. Ka tuna yadda kakata take hana mu tsayawa a mararraba da tsakar rana ko mu bi ta gindin tsamiya da magariba, kada a zuba ruwan zafi ba bismilla, kada a yi wasa a juji? Sai ga Turawa can wata duniya su ma mararrabar suke tsoro. Gishiri ne dai ban gane ba. Hajiya ta leƙo wata rana ta ga suna zazzage buhu guda a bakin ƙofa, ta ce waɗannan ba su san tsadar gishiri ba, in tsari suke nema su karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi su kwanta. Sannan ta tsaya ta ƙara kallo ta ce wai su yaran nan ba su da dangi ne, kullum daga mota sai ɗakin haya? Na ce uwarsu ta ƙone tun 1983 ƙaramin na wata shida babban na shekara huɗu, uban ma ya rasu. Ta ce Allah sarki, marayu ne ashe, shi ya sa. Tun ranar in ta ji ƙarar motar sai ta ce marayunku sun fito.

Ƙanena har cewa ya yi ai mu Daurawa mun riga su, mafarauci na farko namu ne, baƙo ya sauka da dare ya nemi ruwa aka ce mashi sai Juma'a, ya tafi Kusugu ya sare kan macijiya, ya wayi gari an ba shi Daurama. Na ce to ka ga bambanci, namu ya kashe abu ɗaya ya samu sarauniya da gari, su sun kashe ɗaruruwa ko na gode ba mai ce masu, 'yan sanda ma nemansu suke.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ni rubutun nan da gaske, don ba Lilith ce ta hana ni barci ba. Duk zauren Dean suke yabo, namijin duniya, yaya na gari. Ni kau Sam nake kallo. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Ya farka kawai ya tarar an saye shi da ran yayansa, ya yi shekara guda yana ɗauke da wannan kaya, duk abincin da ya ci, duk barcin da ya yi, ya san wani ne ya biya. Kuma shi Dean ya fi kowa sanin zafin abin, don haka ubansu ya yi mashi a farkon sizin 2, ya ba da ransa don ya tashi daga gadon asibiti, ya yi ta cin ransa yana cewa da an bar shi ya mutu. Bai cika shekara ba ya juya ya ɗora wa ƙanensa irin kayan. Abin ya zama gado a gidan.

Ka san dalilin da ya sa ya taɓa ni. Yaya ya bar makaranta a aji biyar ya shiga bin manyan motoci, daga Kwangwalam zuwa Damagaram zuwa inda Allah ya kai shi, don ni in yi karatu. Bai taɓa gorantawa ba ko sau ɗaya, kuma wallahi da ya goranta da ya fi mani sauƙi. Yau in na gan shi yana dafa ƙugu kafin ya miƙe daga tabarma, mutumin da bai kai arba'in ba, sai in ji takardar digirin nan da ke cikin akwati ta yi mani nauyi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai.

Kai ma abin da kake yi ke nan, kada ka ce mani a'a. Shago da rana, gadi da dare, barcin awa uku a kan benci, Sallah biyu ba ka zo ba. Hoton da ka saka kwanaki na nuna wa Inna don ta ji daɗi, sai ta yi shiru ta ce wannan wuyan nasa ne? Na yi da na sanin nunawa. Kuma ranar da na je, ƙanenka ya raka ni har bakin titi, yaron nan da ba ya magana, ya ce mani yana tunanin ajiye karatun ya koyi gyaran waya ko ɗinki, wai ba ya son a ce saboda kuɗin makarantarsa wani abu ya same ka a garin mutane. Na ce kul, kada ya sake ya yi ba da saninka ba, ya ce to ta ina zai faɗa maka, in kun yi waya daga an gaisa sai ka ce nawa ake bukata. Ya roƙe ni kada in faɗa maka, ga shi na faɗa, abokin cin mushe ba a ɓoye mashi wuƙa. Kada ka kira shi da faɗa don Allah. Ka kira shi ka tambaye shi ya yake, ka bar shi ya yi magana.

Ban ce ka bar nema ba, na san halin da gida ke ciki kuma na san abin da buhun masara ya kai. Cewa na yi gadin nan na dare ka duba shi, in akwai yadda za a yi a rage kwanakin a rage. Ni ma na fara samun ɗan abin da nake samu a darasin yamma da nake yi wa yara, kuɗin littattafansa na zangon nan ka bar mani shi, kuma in ka ce za ka biya ni mun ɓata.

Sallar Gani ta matso, an fara gyaran kayan dawaki, masu algaita sun fara gwaji da yamma. Ka nemi ko kwana biyar ne ka zo, mu tsaya wurinmu na kullum mu kalli hawa, mu sha fura mai kyau ba irin wadda kake saya a leda ba. Na je shagon masu tura finafinai biyu a nan, ɗaya ya ce ba shi da shi sai na Koriya da fassarar Indiya, ɗayan ya tura mani wani abu da sunan sizin 4, na zo gida na buɗe na tarar sizin 9 ne kuma ba murya, na yi maza na rufe kafin in ga abin da bai kamata ba, ɗari biyuna ta tafi. Saboda haka ka taho mani da shi daga 4 har inda ka samu, kuma kada ka aiko a mota, da hannunka nake so. Ustazu ma ya ce in gaya maka ka hanzarta, wai yana so ya ga ƙarshen ɓatan nasu don ya san irin nasihar da zai yi.

Ka gaida mutanen Agege, musamman mai shayin nan ɗan Mai'aduwa da ka ce yana ba ka bashi. Su Hajiya da Yaya suna gaishe ka. Batir ɗin kwamfutar kau, saura kashi 3 cikin ɗari aka rubuta sunayen ma'aikata, ina rufe ta ta mutu.

Naka,
mutuminka na zaure